Na Riƙe 'Yar Kwatano, Na Riƙe Sabuwa a Leda

Ni mutumin Kura ne, nan kan hanyar Kano zuwa Zariya, kuma tun ina saurayi da mota nake cin abinci. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, manomin rani ne a filayen Kadawa, cikin waɗanda suka ci moriyar ruwan madatsar Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako. Shi hankalinsa na kan tumatir da albasa, ni kuwa nawa na kan motocin da ke zuwa kwasarsu. Da ya ga haka bai tsananta ba. Ya kama hannuna ya kai ni wurin wani amininsa mai J5, ya ce, "Alhaji, ga ɗanka nan, a koya masa." Haka na zama yaron mota: wanki, ɗaure kwanduna, kwana a kan lodi.

A wancan zamani J5 ce ke riƙe da kayan gwari. Tun 1975 kamfanin Peugeot ke harhaɗa motoci a Kaduna, saboda haka duk garin da ka tsaya sai ka tarar da bakaniken da ya tashi a kan injinsu. Ubangidana har ya koma ga Allah bai taɓa sayen mota a leda ba, amma akwai maganar da ba ya gajiya da faɗa mana: mota ba a hanya take cinye mutum ba, a gareji take cinye shi. Ranar da take tsaye babu abin da ya shigo, gida kuwa sai an ɗora tukunya.

Na daɗe ina jan motar mutane ina kai balas kafin in tara abin tsayawa da ƙafata. A 2014 na kwashi adashin da muke yi a tasha, na sayar da bijiman da na yi kiwo, uwargida kuma ta kawo kuɗin tumakinta ta ajiye a gabana ta ce, "Maigida, a haɗa da wannan, in mota ta kawo a mayar mini." Maganar sabuwa ko a mafarki ba ta zo mini ba. Dala tana wajen naira 160 da 'yan kai, motoci na ta kwararowa daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano, kuma zaɓin irinmu bai wuce biyu ba: ko 'yar Kwatano wadda ba ta taɓa taka titin Najeriya ba, ko ta hannu wadda wani ya riga ya mora a nan. Na yanke shawara a kan Mitsubishi Canter, Kanta dai da kowa ya sani, don ta fi J5 ɗaukar kaya, gas take sha, wato dizal, kuma injinta ba shi da wani ɓoyayyen sirri.

Bakanikena dattijo ne mai gareji a wajen Kofar Ruwa. Ta hannu ya ce in cire ta daga lissafi sai in na san mai ita ciki da bai, domin a ƙasar nan babu motar kaya da ba a ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta ba. Ya kuma kafa mini sharaɗi: ba zai duba mota da rana ba, sai da sassafe, kafin yaran dillali su tayar da ita ta ɗumama, don injin mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa. Muka isa filin sayar da motocin tun mai gadi bai gama karin kumallo ba. Sai da ya ɗora tafin hannunsa a kan injin ya tabbatar da sanyi, sannan ya ce a murza makulli, shi kuma ya zagaya baya ya tsugunna kusa da salansa. Yana kallo yana yi mini bayani ƙasa-ƙasa: hayaƙi shuɗi, injin na shan baƙin mai, ringi ya tafi, fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwa na shiga inda bai kamata ba, baƙi kuwa da sauƙi, galibi nozul ne. Ya kwance murfin baƙin mai injin na aiki, ya ɗora shi sako-sako a bakin ramin, ya zuba masa ido ya ga ko iska za ta riƙa cilla shi.

Wadda ta tafi da zuciyata fara ce tas, fenti na ƙyalli, dillali na ta zuba mata kirari. Dattijon ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta da sifana a hannu, ina jin yana ƙwanƙwasa ƙarfe daga gaba har baya. Da ya fito sai ya buɗe mini tafinsa, cike da ɓawon tsatsa. A ƙasashen sanyi gishiri ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, shi ne ke cin ƙarfen ƙasan mota a hankali, sai a fesa masa baƙin fenti a rufe. Bai ce wa dillali uffan ba, ya ce, "Mu je gaba." Wata kuma ya nuna mini walda a gindin sitiyari, da yadda wafa ke kwanciya ta ɓangaren da bai dace ba: motar hannun dama ce aka juya ta. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a dama, sitiyarinmu a hagu yake, kuma wanda aka yanka aka sake haɗawa ba abin ɗora wa lodi a gangara ba ne.

Wadda ya zaɓa mummuna ce. Fenti ya koɗe, kujerar direba ta yage, har da rubutun wani kamfanin Jamus a jikin ƙofa. Agogon kilomita ko kallonsa bai yi ba, ya ce wannan yaro ma na iya mayar da shi baya; robar da ke kan birki da kuloci ya duba, ya ga yadda ƙafa ta cinye su. Ya sa na karanta masa lambar da ke jikin ƙarfen motar harafi bayan harafi, yana bin ta a takardar kwastan da yatsa. Da na ce, "Baba, ita fa ba ta da kyan gani," sai ya ce, "Fenti ba ya ɗaukar lodi." Ya hana ni miƙa wa dillali duk abin da ke aljihuna, ya ce in riƙe wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Nan take kuwa kuɗin suka sami wurin zuwa: taya, batir, wanke lagireto, ƙarin sifirin, da ƙera bodi mai tsawo na ɗaukar kwanduna. Duk mai sayen tsohuwar mota ya sani cewa kuɗin da ya biya dillali ba shi ne kuɗin motar ba.

Kantar nan ta yi mini halacci, ba zan taɓa zaginta ba. Da ita na mayar wa uwargida kuɗin tumakinta har da ƙari, da ita na rufe ɗakunan gidana da kwano. Amma inda na fi sanin darajarta shi ne 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir daga Kano har Kaduna. Gona sai ka gan ta kore yau, bayan 'yan kwanaki ta ƙone ƙurmus. Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da ake rasa wurin ajiye mota ta koma fili. A shekarar ce kuma naira ta faɗi, kasuwa ta tsaya. Ni dai na ɗauki bulo, na ɗauki takin gida, na ɗauki hatsi daga Dawanau, ranar da babu kaya na lulluɓe ta da tamfol na zauna a gida. Babu wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa a ƙarshen wata. Wannan kwanciyar hankali ce da mai bashi bai san ta ba, kuma duk wanda zai yi maganar tsohuwar mota bai ambaci wannan ba, bai yi mata adalci ba. Da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga watan Janairun 2017, sai ga shi ma darajarta ta ƙaru tana zaune a ƙofar gida.

Gyara kuwa ba ya ƙarewa, yau kuloci, gobe famfon ruwa, jibi giya na fita da kanta. Sai dai komai nata akwai shi a Kofar Ruwa, ko a Panteka in a Kaduna abin ya same ka, kuma ko a ƙauye ka mutu za a samo maka wanda ya taɓa kwance irin injinta. Na saba da hakan har na ɗauke shi wani ɓangare na sana'a.

Abin da ya canza ba motar ba ce kaɗai, hanyar ma ta canza. Tumatir da dare ake tafiya da shi, don rana dafa shi take yi, kuma ana so a isa kasuwa da asuba. A farkon 2019, tsakiyar kakar rani, na yi lodi a Kwanar Gafan zan kai Zuba. Mun wuce Kaduna dare ya raba. Tsakanin Rijana da Katari na ga allurar zafi tana hawa, kafin in sami gefen da zan raɓe na ji ƙaurin ruwan zafi ya cika gaban mota, tururi na fita ta ƙarƙashin kujera. Wani bututun ƙarfe ne da shekaru suka cinye ta ciki ya fashe. Duk wanda ke bin hanyar nan a shekarun ya san abin da ake yi wa matafiya a wannan yanki. Yarona ya dube ni ya ce, "Oga, nan fa ba wurin tsayawa ba ne." Na ce, "Na sani."

Na kashe fitilu, muka rufe mota, muka shiga daji kaɗan muka zauna a bayan wata bishiya. Na kashe ƙarar waya na tura ta cikin aljihu don kada haskenta ya fito. Manyan motoci na wucewa da gudu, ba wanda ya rage tafiya, kuma ban ga laifinsu ba, domin mota a tsaye a wurin nan tana iya zama tarko. Duk motsin ganye sai gabana ya faɗi. Yaron yana kusa da ni ina jin haƙoransa na haɗuwa, ga sanyin hunturu ga tsoro. Abin da ke cina ba tumatir ba ne, ba mota ba ce. Mahaifiyarsa da kanta ta kawo mini shi, ta ce, "Ga amana nan." Hasbunallahu wa ni'imal wakil muka yi ta maimaitawa har gari ya fara wayewa. Wani bawan Allah mai DAF ne ya tsaya, ya ɗaure mu da sarƙa ya ja mu zuwa Katari. Ban san sunansa ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Gaskit ya ƙone, sai da aka kai kan injin Kaduna. Kafin in sami motar da za a juye kayan a ciki rana ta take, kafin su isa Zuba kasuwa ta watse, ruwa na tsiyaya daga gindin kwanduna. Mai kayan mutumin kirki ne, bai ce in biya ko kwabo ba. "Allah ya kiyaye gaba," kawai ya ce. Amma bai sake kirana ba, abokan cinikinsa ma haka. Bututun da ya jawo wannan duka kuɗinsa bai kai na kwandon tumatir ɗaya ba. A nan na gane akwai wani lissafi na tsohuwar mota da ba ya shiga littafin gyara: amanar da ke zubewa, da ran da kake ajiyewa a gefen titi.

A watan Agustan shekarar gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, shinkafar waje ta yi wuya, injinan gyaran shinkafa suka yi ta buɗewa a yankinmu. Kura dama garin shinkafa ne. Wani mai masana'anta da na taɓa yi wa jigilar shanshera ya kira ni, yana neman wanda zai riƙa kai masa buhuna Kaduna da Abuja kowane mako, rani da damina. Ya faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana: "Malam, da kai ba ni da matsala, da motarka nake da ita. Kawo motar da zan ɗora wa kaya in yi barci, in ba ka takarda ta shekara." Shinkafa kuma ba ta gudun rana, da safe za a tashi. Kullen korona na 2020 ya dakatar da maganar, sai a 2021 muka dawo kanta.

Na kai shawarar gida. Kawuna, ƙanin mahaifina, ya ƙi sam. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani, in ƙara kuɗi in sayi wata 'yar Kwatano mai ɗan sauran ƙarfi. "Ɗana," ya ce, "bashi bai san damina ba." Maganarsa gaskiya ce, kuma na ga shaidarta da idona. A tasharmu akwai wanda ya karɓi sabuwar mota a hannun wani mai kuɗi, biya sannu-sannu, an kusan ninka masa farashi, ba shi da wani tsayayyen mai ba shi kaya sai bin layi a tasha. Damina na sauka lodi ya ɗauke, ya kasa biya na 'yan watanni, aka zo aka karɓe makulli, abin da ya zuba duk ya bi ruwa. Mutumin kirki, direba na gaske, yanzu motar wani yake ja. Amma na ce wa kawu bambancina da shi takardar nan ce. Wata 'yar Kwatano kuwa, ko ta fi tawa kyau, ita ma akwai wani bututu a cikinta da ba wanda ya san ranarsa.

Kuɗin ruwa ba na so in kusance shi. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 aka sami bankunan da ba sa mu'amala da shi, wasu suka biyo baya. Na je ɗaya daga cikinsu, na kuma kai takardun wurin malaminmu ya duba. Tsarin murabaha ne: banki ya sayi motar da kuɗinsa, ya sayar mini da ita da ribar da aka faɗa tun farko, a raba biyan wata-wata har shekara uku, kuɗin ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Na ba da kafin alƙalami daga kuɗin wani fili da na sayar, aka yi mata inshorar takaful, aka saka mata na'urar da ke nuna inda take, mai shinkafa ya rubuta takardar shaidar aikin da ke tsakaninmu. Motar ƙirar China ce mai ɗaukar abin da ya ɗara na Kanta, domin ta Japan sabuwa ba ta kusa da aljihuna. Duk da haka kuɗinta ya ninka na 'yar Kwatano mai kyau sau uku ko fiye. Kantar ban sayar da ita ba, na damƙa wa ƙanena, da sharaɗin gajeren zango: Kura, Dawanau, 'Yankaba, iyakarta Zariya, kuma magariba ta yi masa a gida.

Zan faɗi abin da sabuwar mota ta ba ni, don masu cewa sayenta almubazzaranci ne. Barci ta ba ni. Na daina kwanciya ina sauraron ƙarar da na ji da rana a cikin kaina. Uwargida ta daina zama a kan sallaya da waya a hannu har sai na kira. Juye, matatar mai, takalmin birki, taya in ta suɗe, shi ke nan abin da na sani na dogon lokaci. Gas ɗin da take sha bai kai na Kanta ba duk da ta fi ta kaya. In na ce wa mutum gobe da hantsi kayanka na ƙofar shagonka, to suna nan, kuma wannan ya jawo mini masu kaya da ban taɓa nema ba, har lodin dawowa na riƙa samu daga Abuja maimakon in taho fanko.

Abin da ta karɓa a hannuna shi ma ba kaɗan ba ne. Don kada garanti ya faɗi, dole sabis sai a garejin kamfani, a farashinsu, a ranar da suka ba ka. Sannan ga 2022. A farkon shekarar litar gas tana wajen naira 300 da wani abu. Bayan Rasha ta afka wa Yukiren a watan Fabrairu, kafin tsakiyar shekara ta haura 700. Da abu ya yi tsada sai algus ya yawaita. Na sha gas a wani gidan mai a hanya, gida mai fenti da rasit da komai, ashe gauraye ne. Tsohon injin irin na Kanta zai yi tari ya yi hayaƙi ya wuce. Na zamani kuwa da matsanancin ƙarfi yake fesa mai ta ramuka 'yan mitsi-mitsi, kwamfuta ke sarrafa shi, datti ko ruwa kaɗan ya ishe shi. Wata jar fitila ta kama a gabana, mota ta ƙi jan kanta. Na kira dattijona, ya zo ya buɗe, ya daɗe yana kallon wayoyi, ya mayar ya rufe ya ce, "Wannan ba ta hannuna ba ce, sai mai kwamfuta." Mutumin da kunnensa kaɗai ke gano ciwon injin. Abin ya taɓa ni ƙwarai.

Kamfani suka ce garanti bai shafi ɓarnar gurɓataccen mai ba, kuma haka yake a rubuce. Nozul ɗinta babu a Kofar Ruwa, babu a Panteka, sai an aiko daga Legas. Makonni motar na tsaye a gareji, ƙarshen wata na matsowa, ga hayar motar wani da nake yi don kada takardar mai shinkafa ta kuɓuce. Ranar da saƙon banki ya shigo wayata yana tuna mini ranar biya, na tuna kawu. Wa ya biya kuɗin watan? Tsohuwar Kanta. Ƙanena ya zo da daddare da kuɗi a baƙar leda, abin da ya tara na jigilar masara da taki, ya ce, "Yaya, a rufe wannan tukuna." Da na sayar da ita ranar da na karɓi sabuwa, ban san inda labarin nan zai tsaya ba. Tun daga nan na ƙara wa motar matatar da ke raba ruwa da mai, kuma gidajen da nake shan gas ƙididdigaggu ne, ko da zan yi layi.

Sai kuma wani abu ya faru wanda ba dabarata ba ce, ikon Allah ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, masu J5 da ƙananan motoci suka ji jiki. A watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta yi ta hawa har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Komai ya tashi, kuɗin jigila ma dole ya tashi. Abu ɗaya ne bai motsa ba: kuɗin da nake biyan banki a wata, tunda an ƙayyade shi tun 2021. Nauyin da ke danne ni a shekarar farko sai ya zama abin da lodi kaɗan ke fitarwa, motar kuma a kasuwa ta fi kuɗin da na saye ta. Ba na kafa hujja da wannan ga kowa, don ba kullum ake samun haka ba, kuma abin da na samu ta nan taya da baƙin mai da kayan gyara sun karɓi rabonsu. A 2024 na biya na ƙarshe, aka cire na'urar, aka miƙo mini takardun asali. Na wuce gidan kawu na nuna masa, ya shafa su ya sa albarka.

Matasan direbobi kan tare ni a tasha su ce wacce ta fi. Ni kuma sai in tambaye su wane kaya za ta ɗauka, wa ya yi alƙawarin ba su kayan, a rubuce ko da baki, kuma wace hanya za ta bi, da rana ko da dare. A ganina aikin ne ke zaɓen mota, ba mai ita ba. Wanda ke da tsayayyen lodi rani da damina, da doguwar hanya mai haɗari, da wani abu a gefe da zai rufe masa wata ɗaya ko biyu in ta tsaya, sabuwa za ta biya kanta. Wanda kuwa layin tasha ne abincinsa, yau akwai gobe babu, kuma zangonsa bai wuce inda bakanikensa zai iya zuwa a kan babur ba, to ya sayi tsohuwar da zai biya lakadan, wadda kayanta ke zube a kasuwa, ya kwana ba a bin sa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ganin yaro ya ɗauko bashin da ya fi ƙarfinsa don a ce wane ya fito da mota a leda, ko ya zuba gumin shekaru a kan fenti saboda ya ƙi biyan bakanike kuɗin dubawa.

Yaron nan da muka kwana a daji tare ya girma, ya yi aure, ya tara 'yan kuɗinsa. Kwanakin baya ya zo mini da hoton wata babbar mota a waya, wai wani zai ba shi biya sannu-sannu. Muka zauna na sa ya lissafa mini masu ba shi kaya. Duk 'yan kasuwar Singer ne, katon-katon na sabulu da taliya zuwa shagunan unguwanni, babu wanda ke wuce Bichi ko Wudil. Wannan aikin 'yar kurkura ne, kuma kuɗinsa sun kusa isa ba sai ya ci bashi ba. Na cika masa abin da ya rage, zai biya ni bayan sallah. Dattijon nan ƙafa ta fara ba shi wahala, ba ya iya shiga ƙarƙashin mota, amma ya ce a ɗauko shi da kujerarsa, babban yaronsa zai shiga, shi kuma ya saurari injin. Ranar Asabar za mu je, da sassafe.